Inda Ummaru Ya Tsaya

Mutanen Talata Mafara sun san Malam Jibirin da tabon tawada a yatsansa na tsakiya tun kafin su san sunan ubansa. Malamin Arabiyya ne a wata firamare da ke bayan kasuwa, siririn mutum mai tafiya a hankali kamar wanda ya ɗauko ƙwarya cike da ruwa. A Tsibiri aka haife shi, cikin ƙasar Maradun, a gidan Liman. Maza biyu Liman ya bari, Ummaru babba, sai shi. A zaure ɗaya suka koyi rubutu, bulala ɗaya ta gyara musu hannu, har ya zamana in aka jingine allunansu gefe da gefe, Liman kansa sai ya tambayi na wane ne wannan. Daga baya aka ɗauki Jibirin boko, ya wuce kwalejin horon malamai. Ummaru ya zauna gida da gonar fadama da gafakar ubansu.

A kwaleji wani malami ya koya musu cewa alƙalami mai shan tawada ba a canza masa tawada sai an wanke cikinsa har ruwan ya fito fari. Jibirin ya riƙe wannan kamar alwala. Shekarar da ya kama aiki ya sayo wa yayansa irin alƙalamin a Gusau, baƙi mai farin murfi, ya haɗa masa da kwalbar shuɗiyar tawada irin wadda ke kan teburin kowane ɗan tireda. Ummaru ya jujjuya shi a hannu, ya matsa robar cikinsa, ya ce, "Jibo, wanga karan a wace fadama shika tsira?" Aka yi dariya, ya soke shi a aljihun gaba.

Sai aka zo aikin dam na Bakolori. Ruwa ya taru ya ci fadamar. Ummaru ya rage da 'yar gonar tudu da rani mai tsawo wanda babu abin yi a cikinsa. A nan ya fara rubuta wa 'yarsa Nafisatu littafi: addu'o'i da salatai da Liman ya koya musu, bi da bi yadda ya koyar. Baƙin rubutun da alƙalamin kara yake yi, da tawadar gida ta gawayi da ƙaro. Kanun addu'o'in kuwa, da 'yan da'irorin da ke raba wannan da waccan, da zayyanar gefe, da alƙalamin Jibirin yake yin su. Yarinyar ta ci jarrabawar makarantar kwana, ya yi mata alkawarin da littafin za ta tafi.

A bazarar 1980 manoma suka tare hanyoyin aikin suna neman haƙƙin gonakinsu. Ummaru yana cikinsu. Zaman ya yi tsawo, shi kuma ba ya iya zama hannu sake, saboda haka yakan tafi da 'yan fallayen takarda da ɗan kurtun da yake shayar da alƙalamin a cikinsa, ya samu inuwa ya yi ta aikinsa. Ranar da aka buɗe musu wuta yana wurin. Mutane da yawa sun faɗi abin da suka gani, wasu har yanzu ba sa iya faɗa, kuma ba shi za a ba da labari a nan ba. Abin da ya dawo Tsibiri daga Ummaru shi ne hularsa da alƙalamin, wani maƙwabcinsu ya tsinto su. Kurtun bai dawo ba.

Bayan an share zaman makoki, matar Ummaru, Altine, ta aika a kira Jibirin. Tana cikin takaba, don haka ta bayan asabarin ƙofar ɗaki ta yi masa magana, shi yana zaune kan tabarma a waje. Suka gaisa doguwar gaisuwa, ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, ya yara, ya makaranta. Sannan ta turo gafakar ta ƙarƙashin asabarin.

Ta ce, "Yayanka bai gama ba. Ni ko na hwaɗa ma yarinyag ga ya gama, bango kawai ya rage, shina wurinka."

"Don mi kinka hwaɗa mata haka?"

"Don ba ni son ta tahi gari wani ta buɗe abu ta iske farar takarda. Kai ka san addu'o'in, hannunku ɗaya. Ka cika shi, Malam Jibo. Amma kada ta buɗe ta gane inda yat tsaya. Shi ke nan abin da nika roƙo."

Jibirin ya ce to. Ya buɗe gafakar ya duba. Littafin fallaye ne sake-sake, ba a ɗinke ba, kamar yadda malamai ke yi. An ci fiye da rabi. Baƙin rubutun bai dame shi ba, yana iya yin sa ido rufe. Launin kanun ne ya tsayar da shi. Ba shuɗin da ya sayo a Gusau ba ne. Wani launi ne tsakanin shuɗi da kore, irin na jikin tsanwaka in ta tashi daga kan reshe rana ta haske ta. Ya tambayi Altine inda yayansa ke sayen tawada. Ta ce ita ba ta sani ba, ba ta shiga harkar alƙalumansa.

Ya cire murfin alƙalamin ya gwada a tafin hannu, ya tarar ya bushe. Ya nemi ruwa a tasa, ya tsoma bakin, ya yi ta matsa robar yana saki. Ruwan ya fito shuɗi-shuɗi, can ƙarshe ya fito rawaya-rawaya, ya ɗauka tsatsa ce. Bai bari ba sai da ya ga fari. Hannu ya fito ta ƙarƙashin asabari ya janye tasar, shi hankalinsa yana kan takarda.

Ranar Talata ya shiga kasuwa wurin Tukur, mai teburin littattafan makaranta da alli da tawada.

Tukur ya ce, "Shuɗi kaka so ko kore, Malam?"

"Tsakaninsu."

"Tsakaninsu? Mu nan ko tuwo ko fura muka saidawa, ba mu da tsakani."

"Irin jikin tsanwaka."

"To kamo muna tsanwakar mu matse ta a kwalba." Ya juya wurin mai goron da ke kusa da shi. "Ka ji malaman boko. Gobe kuma sai ya ce in ba shi tawada mai launin kukan kurciya."

Jibirin bai yi dariya ba, Tukur kuma ya tuna wane ne yayansa, ya sassauta murya, ya fito masa da duk irin da yake da su.

Daga nan ya tsara wa kansa hanyar gwaji. A cikin gafakar akwai ragowar farar takardar Ummaru, ya yanki falle ɗaya ƙanana-ƙanana. Kowace tawada, sai ya wanke alƙalamin tas, ya shayar da shi, ya zana 'yar da'ira da ɗan layi, ya bari ta bushe ta kwana. Da safe kafin makaranta ya fito inuwar bango ya ɗora guntun kusa da rubutun yayansa, don ya lura hasken tsakar rana yana yi wa launi ƙarya. Tawada mai hoton tsuntsu a kwalba tana da kyau tana jiƙe, in ta bushe sai ta karkata wajen shunayya. 'Yar ƙasar Sin ta fito fayau kamar ruwan bular wanki. Wadda akawuna ke so, shuɗi mai duhu, washegari ta koma launin hadari. Ya ba direban motar Gusau sallahu aka kawo masa koriya, ta fito tsanwa shar kamar ganyen albasa.

Damina ta sauka. Wani ya ce masa a Bakura akwai tsoho mai sayar da garurar rini kala-kala, ya hau keke ya je, ya sayo shuɗiya da koriya a ƙunshin takarda, ya jiƙa, ya tace. A kwalba launin ya yi kusa ƙwarai. A takarda sai ya yi gashi-gashi, ya huda ya fito ta baya. Ya koma haɗa koriyar Gusau da shuɗin Tukur ɗigo-ɗigo a murfin kwalba. Nan abin ya fara ruɗa shi. Wani haɗin zai dace da fallen da ya ɗauko yau, ya yi murna, gobe ya zaro wani fallen ya ga babu kama. Ya zargi hasken gari. Ya zargi idonsa, har ya je aka ɗiga masa magani a asibiti. Ya fara kwana da abin, ya tashi da shi. A aji yakan tsaya da alli a hannu yana kallon rigar wani yaro, har yaran su fara taɓa juna.

Baƙin rubutun kam tuni ya yi nisa da shi. Yana barin gurbin kanu da da'irori fari, fallaye suna taruwa da ramuka a jikinsu.

Cikin azumi wani abokinsa na ƙuruciya, Ɗanlami, wanda ke tsaron sito a sansanin Turawan aikin dam, ya zo masa da wata 'yar gajeruwar kwalba a naɗe cikin hankici.

Ya ce, "An ce ka zama mahaukacin tawada. Ga wagga, in ba ta yi ba sai dai a kai ka turu."

"Ta mi ce?"

"Masu zanen taswira ka aiki da ita. Da ita suka ja layin ruwa, kowace hanyar ruwa da ka gani a hili, da wagga anka fara zana ta."

Jibirin ya gwada. Da safe ya zaro falle daga tsakiyar littafin ya ɗora guntun. Kamar daga kurtu ɗaya. Ranar Juma'a ya hau motar Maradun ya kai wa Altine, ya tura fallen da guntun ta ƙarƙashin asabari.

Ta ce, "Ta yi kama. Ina ka samo?"

Ya faɗa mata.

Ta ce, "Wato da wagga anka zana gonakin mutane."

"Ruwa aka zanawa da ita."

"Ruwan da yac ci fadamarmu. Ka maida musu abinsu, Malam Jibo."

"Yaya Altine, lokaci ya ƙure. Bayan Salla ba da jimawa ba za su tahi."

"In haka ne ka cika da baƙi, ta gane. Gara ta gane da a sa wagga a littahin."

Guntun ya dawo ta ƙarƙashin asabari. Don ya samu abin yi da hannunsa, ya zaro falle na ƙarshe da Ummaru ya rubuta ya ɗora guntun a kai. Bai dace ba. Tawadar sansanin ta fi shi kore sosai. Ya ji sauƙi a ransa, ya kuma ji kunyar sauƙin, don bai san abin da zai yi ba da ta dace.

Bayan Salla ya sake zuwa Tsibiri, niyyarsa ya ce mata ya kasa. Ruwa ya tare shi, ya fake a ɗakin Ummaru, wanda ba a taɓa komai a cikinsa ba. Da ruwan ya ɗauke rana ta fito, sai ya ga wata kwalbar magani a kan tagar. Ruwan cikinta yana da ɗan launin da ya yi watanni yana nema, a ƙasanta kuma wani abu rawaya ya kwanta kamar dusa. Ya ɗauko ya fito tsakar gida ya tambaya ta bakin asabari.

Altine ta ce, "Ruwan da ka wanke alƙalamin ne."

"Kin aje shi?"

"To in zubas a kwata? Tawadar da tar rubuta sunan Allah? Ko shi bai taɓa zubda ɗigo ba, in ta yi ƙasa sai dai shi ƙara wata a kai."

Jibirin ya tsaya da kwalbar a hannu. Wannan dokar gidansu ce, da ita ya tashi: kurtun tawada ba a wanke shi, ba a juye shi, sabuwa kan tsohuwa ake zubawa. Shi ma haka yake yi wa baƙar tawadarsa har gobe. Alƙalamin kanti ne kawai bai taɓa sa shi cikin dokar ba, don shi a kwaleji ya san shi. Ya tambaye ta wane kurtu ne ya ɓata. Ta ce ƙaramin nan mai igiyar fata, na marigayi Liman. Ya tuna shi. A cikinsa Liman ke ajiye ruwan saiwar rawaya da yake zayyana da shi. Ummaru ya ga kwalba ba ta zama a kan tabarma ba ta kife ba, sai ya juye shuɗin Gusau a kurtun ubansa, kan busasshen rawaya na shekara da shekaru.

Ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya jera fallayen Ummaru tun daga na farko, layi-layi, ya ɗora tsakuwa kan kowanne. Sannan ya ja da baya ya tsaya daga bakin ƙofa. Na farkon kore ne sosai, kamar gansakuka. Kaɗan-kaɗan yana sakin koren, falle bayan falle, yadda in ka haɗa maƙwabta biyu ba za ka ga bambanci ba. Na ƙarshe ya kusa zama shuɗi, sai ɗan koren da ya rage a bayansa. Duk lokacin da tawada ta yi ƙasa Ummaru ya ƙara shuɗi, rawayan yana raguwa. Littafin ba shi da launi ɗaya da za a saya a kwalba.

Da yamma ya ɗauki fartanya ya hau tudun bayan gari ya tono saiwar rawaya. Ya daka, ya jiƙa, ya tace da tsumma ya sake tacewa har ba saura gari da zai toshe alƙalami. Ya samo ɗan kurtu sabo. Ya zuba shuɗin teburin Tukur, irin wanda ya sayo a Gusau tun farko, ya riƙa ɗiga rawaya yana gwadawa da falle na ƙarshe kaɗai. Kwana biyu a jere ya duba a inuwar safe kafin ya yarda. Daga nan bai ƙara ɗigon rawaya ba. In kurtun ya yi ƙasa ya ƙara shuɗi, alƙalamin kuma bai sake ganin ruwa ba. Ya cike guraben bi da bi, daga inda yayansa ya tsaya har zuwa addu'ar rufewa, wadda kanunta ya fito shuɗi sosai, sai wanda ya sani zai ga koren. Ya kai wa wani baduku a Mafara ya yi masa bangon jar fata.

Ranar tafiya Altine ta riga ta fita takaba, amma a ƙofar gida ta tsaya. Jibirin ne ya raka Nafisatu tasha, yana ɗauke da akwatinta na ƙarfe. Motar ba ta cika ba. Suka zauna kan benci a rumfar mai shayi, ta kwance igiyar bangon ta ɗora littafin a cinya.

Ta ce, "Bappa, na san bai gama ba."

Jibirin ya juyo ya dube ta.

"Ni ka share mishi ɗaki. Na ga fararen takardun. Ban hwaɗa ma Inna ba, don ta ji daɗin abin da tac ce." Ta ɗaga kai. "Ina yat tsaya?"

Ya ce, "Duba ki gani."

Ta fara juyawa tun daga farko, a hankali, tana kifa kowane falle a dama. Kwandasta yana ta kiran saura mutum biyu. Ta wuce koren, ta wuce tsakiyar. Ta iso fallen ƙarshe na Ummaru, Jibirin yana kallon yatsanta, ta kifa shi ta ɗauki na gaba, ta kifa shi ma. Ta yi nisa cikin aikin Jibirin kafin ta tsaya a kan wata zayyana mai kama da ganyen gawo, wadda ya zana a ɗakinsa na Mafara bayan Salla.

Ta ce, "Har nan dai nashi ne. Wagga na gan shi shina yin ta, bakin ƙofa, ina tankaɗe."

Jibirin ya dubi zayyanar. Ya ce, "Allah shi jiƙan shi."

Ta ce amin. Ta tsinke zare daga bakin gyalenta ta sa a wurin, ta haɗa fallayen ta ɗaure. Aka ɗora akwatin a saman mota, ta shiga ta zauna kusa da taga da littafin a ƙirji.

Malam Jibirin yana nan a makarantar bayan kasuwa. Kwalbar sansanin ya mayar wa Ɗanlami. Sauran kwalaben suna jere a tagarsa, yara maƙwabta kan zo ya ɗiba musu. Tukur har yanzu in ya hango shi sai ya ɗaga murya ya tambaya ko an kamo tsanwakar. Alƙalamin Ummaru yana aljihunsa na gaba, bai sake wanke shi ba, kuma zuwa yanzu shuɗi kawai yake rubutawa.